Sitent a Mararrabar Jijiyar Zuciya: Lissafin Likita da Kason Gida

 Gaisuwa ga mutanen Masanawa, da Garo, da Kabo, da Gwarzo, da duk garuruwan da ke bakin hanyar Kano zuwa Dayi. 

Sharhinmu na yau a kan wani aiki ne da ake yi wa jijiyoyin zuciya, da tambayar da ke biyo bayansa. Tambayar kun san ta. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya yi ta. Likita ya fito, an taso an tare shi a bakin ƙofa. "Likita, zai tashi kuwa?" Likita ya ce, "Da yardar Allah." Gaskiya ya faɗa. Amma a ransa akwai lissafi, kuma lissafin nan nake so mu buɗe yau.

Tun daga farko zan faɗa muku inda na dosa. A lissafin nan akwai kason jijiya, akwai kason jikin mara lafiya, akwai kason hannun likita. Sannan akwai kason gida. Kason gida ne ba a cika magana a kansa ba. A wurinmu kuwa, shi ya fi nauyi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da jijiyar kanta.

Zuciya tsoka ce. Tana harba jini zuwa ko'ina a jiki, ba dare ba rana. Ita ma tana bukatar nata jinin. Jijiyoyin da ke ciyar da ita a jikinta suke kwance ta waje. Daga tushe biyu ne, ta dama da ta hagu. Ta hagun ba ta yin nisa sai ta rabu biyu, kowace kuma ta yi ta fitar da rassa. Ƙanana ne ƙwarai. Faɗin yawancinsu milimita 3 ne zuwa 4.

Shekara da shekaru, kitse yana taruwa a cikin bangon jijiyar. Hawan jini yana taimaka masa. Ciwon suga yana taimaka masa. Taba sigari kuwa ba a magana. Hanyar jini ta yi ta tsukewa. Mutum ya fara jin ƙirjinsa na ɗaurewa in ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, in ya huta ya sake shi. Wata rana kuma kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanyar ta toshe gaba ɗaya. Wannan shi ne bugun zuciya.

To, kitsen nan yana da inda ya fi son kwanciya. Masu noman rani za su gane da wuri. Ku duba inda magudanar ruwa ta rabu biyu. Tsakiyar da ruwa ke buga kullum a wanke take. Amma a gefe, inda ruwan ya rage gudu yana ɗan juyawa, nan laka ke zama. Haka jini yake yi a mararrabar jijiya. Shi ya sa a cikin kowane mutum biyar ko shida da ake buɗe wa jijiya, ɗaya a mararraba toshewarsa take.

Yanzu sai maganar aikin.

A watan Satumba na 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wani likita Bajamushe mai suna Andreas Gruentzig ya zura siririn bututu har cikin jijiyar zuciyar wani mutum. A bakin bututun akwai ɗan balan-balan. Ya hura shi, jijiyar ta buɗe, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Matsalar ita ce jijiyar takan koma ta tsuke. Sai a 1986, a Faransa da Suwizalan, aka fara barin wani abu a ciki don ya tokare bangon. Shi ne sitent. Ɗan bututu ne na ragar ƙarfe, siriri. Daga 2002 kuma aka fara shafa masa magani, don kada tabo ya tsiro ya sake cike hanyar. Da sitent na ƙarfe zalla, mutum biyu ko uku cikin goma jijiyarsu takan sake tsukewa. Da mai magani, bai kai ɗaya cikin goma ba.

Ta wuyan hannu ake shiga yawanci, wani lokaci ta matsematsi. Mara lafiya idonsa biyu, yana jin likita yana magana. Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. Wannan sauƙin shi ne ke yaudarar mutane. Sai a ɗauka ƙaramin abu aka yi.

A jijiya miƙaƙƙiya, aikin da dama-dama. A mararraba ne gumi ke karyo wa likita. Ga dalili. Sitent miƙaƙƙe ne, mararraba kuwa baki uku gare ta. In ka shimfiɗa shi a babbar jijiya, dole ya gitta bakin reshe. Ragar ta kwanta a ƙofar reshen. Wani lokaci kitsen da aka ture, ko bangon da ke tsakanin jijiyoyin biyu, ya matsa ya rufe reshen ruf. An buɗe hanya ɗaya, an rufe wata. Ga kuma wata matsala. Jijiya ta fi faɗi kafin ta rabu. Sitent ɗin da ya zauna daidai bayan mararraba zai yi sako-sako kafin ta. Sai an koma da wani gajeren balan-balan an ƙara buɗe wannan ɓangaren har ya manne da bango. Inda ƙarfe bai manne ba, nan jini ke samun wurin daskarewa.

Kun ga dalilin da ya sa likitoci suke son su hango ƙarshen aiki tun kafin su fara. Ba duba ba ne, jama'a. Sanin gobe sai Allah. Abin da suke yi shi ne su tara labarin dubban mutanen da aka yi wa aikin, su bi su shekara ɗaya, biyu, biyar. Su ga wa ya zauna lafiya, wa ya dawo asibiti, wa ya rasu. Sannan su duba abin da ya haɗa waɗanda suka samu matsala. In likita ya ce maka hatsarin kashi 10 ne cikin 100, ma'anarsa cikin mutum 100 masu irin halinka, 10 sun samu matsala. Bai san ko kana cikin goman ba. Abin da ya sani shi ne abubuwan da ke tura mutum cikinsu.

Mu ɗauki kason farko, wato siffar jijiya.

A 2006 wani likita ɗan Sifaniya, Alfonso Medina, ya kawo wata hanya mai sauƙi, har yau da ita ake aiki. Tambaya uku kawai. Akwai toshewa kafin mararraba? Akwai a babbar jijiya bayan mararraba? Akwai a bakin reshen? Kowace amsa e ce ko a'a. In cutar ta shiga reshen har da babbar jijiyar, aiki ya yi nauyi.

Akwai kuma ma'aunin da ake kira SYNTAX, wanda likitocin Turai suka fitar a 2005. Shi ba mararraba kaɗai yake dubawa ba. Yana ba kowace toshewa maki, gwargwadon inda take, da tsawonta, da taurinta. In makin ya kai 33, shawara takan karkata ga tsaga ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye, maimakon sitent. Ku ji da kyau: akwai zuciyar da sitent bai dace da ita ba, komai kuɗin mai ita.

Daga birnin Nanjing na ƙasar Sin kuma, Farfesa Chen Shaoliang da abokan aikinsa suka fitar da nasu ma'aunin a 2014. Nasu na mararraba ne zalla. Suna duba tsawon cutar a cikin reshe, ko ta kai milimita 10. Suna duba yadda reshen ya karkata. Suna duba ko bangon ya yi tauri ya ƙandare. Da haka suke raba mararraba mai sauƙi da mai wuya.

A nan ne gardama ta tashi, kuma har yanzu ba ta gama kwanciya ba. Sitent ɗaya za a sa a babbar jijiya, a ƙyale reshe sai in ya nuna zai rufe? Ko biyu za a sa tun farko? Binciken ƙasashen arewacin Turai na 2006, da na Ingila na 2010, sun nuna cewa a yawancin mararraba, ɗaya ya isa. Aikin ya fi sauri, ƙarfen ya fi kaɗan. Amma Chen ya nuna a 2017 cewa a mararrabar babbar jijiyar hagu, wata dabara tasu ta sitent biyu ta rage matsala da kusan rabi a shekarar farko. Turawa suka gwada nasu a 2021, a wannan jijiya dai, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Da aka duba, cutar da ke rassan marasa lafiyar Sin ta fi tsawo da tsanani. Kuma dabarun da aka yi amfani da su ba ɗaya ba ne.

Ra'ayina a nan, ɗan uwa mai sauraro, kada ka sa kanka a gardamar malamai. Amma ka cire wani tunani daga ranka. Yawan sitent ba shi ne yawan kulawa ba. Wani zai dawo yana cewa shi uku aka sa masa, maƙwabcinsa ɗaya tak, kamar shi aka fi yi wa gata. Kowane ƙarin ƙarfe ƙarin wurin daskarewar jini ne. In ɗaya ya isa, ka gode wa Allah.

Wannan kason jijiya ke nan. Mu juya ga na biyu, jikin mara lafiya.

A ce mutum biyu ne, hoton jijiyarsu iri ɗaya sak. Na farko manomi ne ɗan shekara hamsin. Ƙodarsa lafiya, ba shi da suga, zuciyarsa na matsa jini da ƙarfinta. Na biyu dattijo ne ɗan saba'in. Ya daɗe da ciwon suga. Ƙodarsa ta fara gajiya. Ya taɓa samun bugun zuciya a baya, an ce gyambon ciki ne, aka yi ta ba shi maganin ulsa, har wani ɓangare na tsokar ya mutu. Likita ɗaya, sitent iri ɗaya, rana ɗaya. Lissafinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba.

Me ya sa? Suga yana sa jijiyoyi su zama ƙanana, cutar ta bazu, tabo ya yi saurin tsirowa a cikin sitent. Ƙoda mai rauni ba ta jure ruwan rinin da ake zubawa a jijiya don a ga hoto. Zuciyar da ta riga ta yi rauni kuwa, ko mintoci kaɗan reshe ya rufe ana cikin aiki, sai ta nemi durƙushewa. Shi ya sa a 2013 aka gyara ma'aunin SYNTAX, aka ƙara masa shekaru, da ƙarfin ƙoda, da ƙarfin matsawar zuciya, da ciwon huhu. An gane cewa hoto kaɗai ba ya faɗin komai. Wani babban bincike na 2012 ma ya nuna cewa mai suga da jijiyoyinsa da yawa suka toshe ya fi samun tsawon kwana da aikin kewaye fiye da sitent.

Kaso na uku, hannun likita da kayan aikinsa. A nan ba zan daɗe ba. Hoton da ake gani a allo inuwa ce kawai ta cikin jijiya. Yanzu akwai na'urar da ake zurawa ta hasko bangon daga ciki, a ga ko ƙarfe ya manne. A 2023 wani bincike da likitocin Danmak suka jagoranta ya gwada wannan a kan mutum 1,201 masu toshewar mararraba mai wuya. Bayan shekara biyu, waɗanda aka leƙa wa ciki sun fi ƙarancin matsala. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Tambaya ba laifi ba ce. Haka ma tambayar likita ko ya saba da irin wannan aiki.

Kafin in wuce, ga wata magana da ta shafi masu shirin sayar da gona don biyan kuɗin aikin. In mutum yana cikin bugun zuciya, buɗe jijiya da gaggawa ceton rai ne, babu ja. Amma in ciwon ƙirjin na lokaci-lokaci ne, mai zuwa da wahala ya tafi da hutu, labarin daban ne. Manyan bincike biyu, na 2007 da na 2020, sun nuna cewa a irin waɗannan mutane, farawa da magani mai kyau bai gaza sitent ba wajen hana mutuwa a shekarun da aka bi su. Sitent ya fi rage zafin ƙirjin, shi ke nan. Amma ban da wanda babbar jijiyarsa ta hagu ta tsuke. Shi ba a sa irinsa a binciken ba, kuma ba a jinkiri da shi. Saboda haka, kafin a kira dillali, a tambayi likita: in na tsaya a kan magani, me zai faru?

Yanzu, jama'a, mun iso inda nake so mu zauna.

Duk ma'aunan nan da na lissafa, da jinyar su wa aka gina su? Da ta mutanen Turai, da Amurka, da Sin. Mutanen da ake kira a waya in ba su zo ganin likita ba. Mutanen da maganinsu ba ya yankewa. Mutanen da motar asibiti ke isa ƙofarsu cikin mintoci. Ma'aunin ya ɗauka duk wannan yana nan. Bai san akwai wanda zai sauka daga jirgin Indiya ko na Masar bayan an yi masa aiki a can, ya kwana a Kano, washegari ya shiga mota zuwa ƙauye, da maganin wata ɗaya a leda ba.

A da ana cewa wannan ciwo ba namu ba ne. A 2006, Farfesa Mahmoud Sani da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun duba bayanan shekara biyar. Cikin waɗanda aka kwantar a sashen manya, masu ciwon toshewar jijiyar zuciya ba su kai 1 cikin 100 ba. Amma abinci ya canja, zama ya yawaita, suga da hawan jini sun shiga gidaje. Daga 2013 zuwa 2018, asibitoci 23 na Najeriya suka haɗu suka tara bayanan mutum fiye da dubu da suka zo da wannan ciwo a halin gaggawa. Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ne ya jagoranci aikin. Takwas cikin goma suna da hawan jini. Waɗanda motar asibiti ta kawo kuwa, da kyar suka haura ɗaya cikin goma. Wannan aiki abin yabo ne. Irinsa muke bukata a kan waɗanda aka sa wa sitent suka koma gida, don mu ma mu samu lissafin da aka gina da jinyar mutanenmu.

Kafin a samu, akwai abin da muka riga muka sani. Ku kasa kunne.

Sitent ba a cire shi. Yana nan har ƙarshen rai. Da farko, jini yana ganinsa baƙo. In ya ga baƙo, daskarewa yake yi. Sai a hankali, cikin watanni, fatar cikin jijiya ta tsiro ta lulluɓe ƙarfen. Kafin ta gama, abin da ke tsakanin mara lafiya da toshewar sitent ƙwayoyi biyu ne na tsinka jini. Ɗaya asfirin ne ƙarami, wanda da yawa suka sani da Vasoprin. Ɗayan kilofidogirel, wanda wasu suka sani da Plavix, ko wani ɗan uwansa. Yawanci wata shida ake haɗa su, ko shekara guda in bugun zuciya ne ya kawo mutum. Likita na iya ragewa, yana iya ƙarawa. Bayan nan ma ɗaya ake ajiyewa, ɗayan ya ci gaba.

A 2005 wasu likitoci a Italiya da Jamus sun bi mutum 2,229 da aka sa wa sitent mai magani. Kaɗan ne sitent ɗinsu ya toshe da gudan jini, mutum 29. Amma cikin 29 ɗin nan, kusan rabi sun rasu. Da suka duba abin da ke jawo toshewar, sun ga ciwon ƙoda. Sun ga suga. Sun ga raunin zuciya. Sun ga aikin mararraba. Amma abin da ya dame su duka ya shanye, shi ne daina shan maganin kafin lokaci. Sitent na yanzu ya fi na wancan zamani inganci, gaskiya ne. Duk da haka babu likitan zuciyar da zai ce maka ka ajiye maganin da ra'ayin kanka.

In maimaita. Wanda aka yi wa aiki a mararraba, hatsarinsa ya riga ya ɗara na wani. In ya ƙara da yanke magani, ya tara biyu a wuri ɗaya. Siffar jijiyarka ba ka da iko a kanta. Shekarunka ba ka da iko a kansu. Ƙwayar nan kuwa a hannunka take. Wannan shi ne kason gida.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba taurin kai ne kullum ke sa a daina ba. Sau da yawa talauci ne. An haɗa gudummawar dangi, an sayar da shanu, an yi aikin. Ba wanda ya lissafa kuɗin maganin shekara. Wata na uku aljihu ya bushe. Mara lafiya kuma ya ji garau, ya koma gona, yana jin kunyar sake roƙon 'ya'yansa. Sai ya fara shan ƙwaya yau, ya tsallake gobe, don ta daɗe. 'Ya'ya da ƙanne masu aiko da kuɗi daga Kano da Abuja da Legas, da ku nake. Ranar da kuke haɗa kuɗin aiki, ku haɗa da na maganin shekara guda. In ba haka ba, rabin aiki kuka biya.

Wani lokaci kuma maganin ne babu a kusa. An je kemis na gari, ya ce ba shi da wannan, ga wani mai kama da shi. Kada a karɓi mai kama. A tafi da kwalin tsohon. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma a sayo sabo tun saura na mako biyu, ba ranar da ya ƙare ba.

Ga wasu wurare da ake yawan tuntuɓe.

Azumi. Mai sitent ya je wurin likitansa tun Sha'aban. Ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da ita sahur ko buɗa-baki. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan, wataƙila likita ya ce ya dakata bana. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, malamanmu sun sha faɗa. Abin da ba a yi shi ne a ajiye magani wata guda.

Aikin Hajji ko Umara. A tafi da maganin da zai kai har dawowa, da ƙari. A sa shi a jakar hannu.

Cire haƙori, ko wata tiyata. Wani ma'aikacin lafiya zai ce a daina maganin tsinka jini na mako guda. Nufinsa alheri ne, amma bai san abin da ke ƙirjinka ba. Ka gaya masa kana da sitent, ka gaya masa ranar da aka sa. A kira likitan zuciya kafin a yanke shawara. Ƙaho da tsagar wanzami kuwa, a haƙura da su, don jinin ba zai tsaya da wuri ba.

Maganin ciwon jiki. Manomi ya dawo gaɓoɓi na ciwo, ya aika yaro kemis a haɗo masa. Irin su daikilofenak da aibufurofen, in suka haɗu da maganin tsinka jini, suna iya fasa jini a ciki. Farasitamol ya fi aminci. Ko maganin ulsa, akwai omefirazol da aka yi gargaɗi tun 2009 cewa yana iya rage ƙarfin kilofidogirel. Akwai wasu da ba sa yin haka. Likita ya zaɓa maka. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a gaya masa, kada a ɓoye.

In kuma aka ga jini fa? Haɓo da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko bayan gida baƙi ƙirin. Wannan ba na zama a gida ba ne, ba kuma na daina magani a ɓoye ba. A je asibiti a ranar.

Sai babbar alama. Ƙirji ya ɗaure, ya yi nauyi, zafin ya gangara hannu ko ya hau muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi, ga numfashi sama-sama, kuma hutu bai sa ya lafa ba. Mai suga da tsofaffi da mata, wani lokaci ba sa jin zafin sosai, sai kasala da amai da haki. Kada a ce ulsa ce. Kada a ce a bari gari ya waye. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, kuma tsokar zuciya tana mutuwa ne awa bayan awa. A garzaya asibiti mafi kusa, a ce da su, "Yana da sitent." A roƙi a yi masa gwajin zuciya na i-si-ji nan take, a tura shi gaba in da bukata. Tun yau a san motar wa za a nema in abin ya zo da dare.

Takardun aikin ma a adana su. Rahoton likita, da katin sitent, da faifan hoton jijiya in an bayar. Wanda aka yi wa aiki a waje, ya kai su sashen zuciya na asibitin da ke kusa da shi tun yana lafiya, a buɗe masa fayil. Likitan Kano ba zai iya hango komai ba in bai san abin da likitan Indiya ya sa ba, da inda ya sa shi.

Sauran kason gida kun san shi. Taba, a rabu da ita kwata-kwata. Awon hawan jini da na suga, a riƙa yi a asibitin kusa, ba sai an ji ciwo ba. Maganin rage kitsen jini, a ci gaba da sha, don sitent wuri ɗaya ya gyara, cutar kuwa tana duk jijiyoyin. Uwargida, a sassauta gishiri da dunƙulen miya da mai. Tafiyar ƙafa, a fara kaɗan-kaɗan yadda likita ya tsara.

Jama'a masu sauraro, ga roƙona kafin mu rabu. In akwai mai sitent a gidanku ko a unguwarku, ku leƙa shi yau ku gaishe shi. Ku ce ya nuna muku ledar maganinsa. Ku ƙirga tare da shi na kwana nawa ya rage, ku tambaye shi ranar komawarsa asibiti. In kuma naku ne ake shirin yi wa aikin, kada a sa hannu a takarda sai an tambayi likita: a mararraba toshewar take? Sitent nawa za a sa? Maganin tsinka jini wata nawa za a sha, kuma wa za mu kira in wani abu ya taso?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa masu jinya da alheri.